Waiwaye: Yadda hayaƙin tabar wani ya zama maganar doka

An daɗe ana ɗaukar shan sigari matsalar mashayi shi kaɗai: huhunsa ne, kuɗinsa ne. Wanda ke zaune kusa da shi sai dai ya kau da kai ya yi tarinsa. Lissafi ya sauya a 1981, lokacin da wani likita ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya wallafa sakamakon shekarun da ya shafe yana bin diddigin matan aure fiye da dubu 90 waɗanda ba sa shan taba. Ya gano cewa matan da mazajensu ke busawa sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu, kuma duk yawan karan da maigida ke sha, haka haɗarin ke ƙaruwa ga uwargida. Kamfanonin taba suka yi masa ca, suka zuba kuɗi don a zubar da darajar binciken.

Haƙarsu ba ta cim ma ruwa ba. A 1986 babban jami'in lafiya na Amurka, Everett Koop, ya fitar da rahoton da ya tabbatar cewa hayaƙin yana jawo sankara ga wanda bai taɓa ɗora kara a baki ba. Bayan shekara ashirin, ofishin nasa ya ƙara da cewa komai ƙanƙantar hayaƙin yana cutarwa, kuma zama da mashayi na ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Ba abin mamaki ba ne: akwai sinadarai sama da 7,000 a cikin hayaƙin, kusan 70 masu haddasa sankara. Yara ne suka fi jin jiki, daga asma da namoniya zuwa ciwon kunne da mutuwar fuju'a ta jarirai, kuma galibi a ɗakin kwanansu suke shaƙa, inda hannun hukuma ba ya kaiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya.

A 2003 ƙasashen hukumar suka amince da yarjejeniyar yaƙi da taba, wadda sashenta na 8 ya wajabta kare jama'a daga hayaƙin. Ailan ce ta fara hana busawa a dukkan wuraren aiki a 2004, har da gidajen shan giya.

Najeriya ta riga da yawa farawa. Tun 1990, zamanin Babangida, Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya, aka kafa dokar soja mai hana shan taba a wasu wuraren taruwa. Nijar ta yi tata dokar a 2006. A 2015 Goodluck Jonathan ya sa hannu kan sabuwar doka, amma ƙa'idojin aiwatar da ita ba su fito ba sai 2019. Kuma ta bar ƙofa a buɗe: ta yarda a ware wa mashaya ɓangare a wasu gine-gine, dabarar da kamfanonin taba suka daɗe suna tallatawa, alhali hayaƙi ba ya tsayawa a inda aka shata masa iyaka. Ga shisha kuma ta shigo, matasa na cika ɗaki da ita suna ganin ba taba ba ce. A tasha, a teburin mai shayi, har a cikin motar haya, fasinjan da ya ce "Malam, don Allah kashe" shi ake yi wa kallon mai neman rigima.