Ɗigo da Dogo a kan Arduino: Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Waɗannan tambayoyi ne kan aika saƙo da tsarin Morse, inda ake wakiltar haruffa da gajeriyar alama (ɗigo) da doguwar alama (dogo), ta amfani da Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shirin kwamfuta.

Me ya sa ƙwan LED ɗina ya ƙone?

Saboda ba ka sa masa resista ba, wato abin da ke rage yawan wutar da ke ratsa shi. Ƙafar Arduino Uno, wato inda ake haɗa waya a jikin allon, tana fitar da bolt 5, kuma bai kamata a ja fiye da miliamfa 20 daga gare ta ba. Sa resista mai om 220, ko ka yi amfani da ƙwan da ke kan allon, wanda yake haɗe da ƙafa ta 13.

Nawa ne tsawon dogo?

Ɗigo uku. Tsakanin alamomin harafi ɗaya tazarar ɗigo ɗaya ce, tsakanin haruffa uku, tsakanin kalmomi bakwai. Na sha faɗa cewa wanda ya yi wasa da tazara ba saƙo yake aikawa ba, hayaniya yake yi.

Na haɗa maɓalli, amma allon yana ɗaukar ɗigona a matsayin dogo. Ina matsalar take?

Kada hankalinka ya tashi, kusan kowa ya sha wannan wahalar. Amsar ta danganta da hannunka da kuma irin maɓallinka. Idan ka raba 1200 da yawan kalmomin da kake so a minti ɗaya, za ka samu tsawon ɗigo a milisakan. A kalmomi 12, ɗigo milisakan 100 ne, dogo 300, don haka iyakar da ta fi dacewa a tsakaninsu ita ce 200. Sai dai hannun mutum ba inji ba ne, yana sauri da farko, ya ja jiki idan ya gaji, saboda haka ya fi kyau shirin ya riƙa auna ɗigogin da ka buga a baya-bayan nan yana gyara iyakar da kansa. Wani lokaci kuma laifin na maɓallin ne, domin ƙarfen cikinsa yakan yi rawa kafin ya zauna, allon ya ƙirga dannawa ɗaya sau uku ko huɗu. Yin watsi da duk canjin da bai kai kamar milisakan 20 ba yakan magance wannan, ko da yake maɓalli mai arha yana iya buƙatar ƙari. Sannan a cikin shirin ka auna lokaci da umarnin millis, mai ƙirga milisakan, domin umarnin jira na delay yana tsayar da allon, ba ya jin lokacin da ka ɗaga yatsa.

Wa ya ƙirƙiro tsarin?

Samuel Morse da Alfred Vail a Amurka. An buɗe layin tangaraho daga Washington zuwa Baltimore ranar 24 ga Mayu, 1844.

Zan iya haddace alamomin daga jadawali?

A'a, don Allah ka ajiye takardar nan. Haɗa 'yar ƙaramar lasifika, ka koyi kowane harafi da kunne a matsayin sauti guda.

Yaya zan aika ɓ, ɗ da ƙ?

Tsarin ƙasa da ƙasa bai ba su alama ba. Aika b, d da k, ko ku yi yarjejeniya da wanda yake karɓa tun kafin ku fara.