Injin wasa kaifi mai ruwa

Injin wasa kaifi mai ruwa na'ura ce da ke juya dutsen washi mai siffar faifai sannu a hankali, gindin dutsen yana cikin ɗan kwamin ruwa. Da shi ake gyara bakin cizal, da ƙarfen filen na sharar katako, da gizago, da gatari. A Sakkwato an fi sabawa da garanda ta busasshen dutse, wadda ake gani tana feshin tartsatsi a bakin shagunan walda. Mai ruwan ba ya tartsatsi ko kaɗan.

Dabarar tsohuwa ce. An daɗe ana juya dutse da hannu ko da ƙafa a kan kwamin ruwa kafin zuwan lantarki. Cikin na zamani, wanda ya fi suna shi ne na kamfanin Tormek na ƙasar Suwidin, da aka kafa a 1973. Babban samfurinsa yana da dutse mai faɗin milimita 250 da ke juyi 90 a minti guda, alhali garanda kan yi kusan 3,000.

Amfanin ruwan

Duk maƙerin Maƙera Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, ya san cewa ƙarfe ba ya riƙe kaifi sai an ƙona shi ya yi ja an tsoma a ruwa ko mai, sannan a ɗan sake ɗumama shi don kada ya riƙa ɓallewa. Taurin da aka samu ta haka zafi ne ke kwance shi. Bakin cizal siriri ne, ba shi da kaurin da zai shanye zafi, don haka daƙiƙa kaɗan a kan garanda sun isa launinsa ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi shuɗi a wajen digiri 300 na ma'aunin Selshiyos. Da zarar shuɗin ya fito, wurin ya yi laushi ke nan. A ido da kaifinsa, har ya aske gashin hannu, amma ana ɗora shi a kan maɗaci ko ƙirya sai bakin ya lanƙwashe. Babu magani illa a cinye wurin da ya ƙone gaba ɗaya, abin da ke sa cizal gajarta tun bai tsufa ba.

Dutse mai ruwa yana ɗebo ruwa a kowane juyi, ya sanyaya ƙarfen, ya wanke garin da ke fita, wanda da a garanda ne sai ya tashi mai aiki ya shaƙa. Ƙarafan zamani na aikin injin kewaya katako suna jure zafi har fiye da digiri 500, su garanda ba ta cika yi musu illa ba.

Yadda ake wasawa

Ana cika kwamin, a bar dutsen ya juya har ya ƙoshi, domin sabon dutse akwai shan ruwa. Sai a ɗaure cizal a maƙalarsa, a zura ta a sandar da ke gaban dutsen, a daidaita kwana. Digiri 25 aka saba ba cizal da filen, a ƙara zuwa 30 in katakon mai tauri ne. Ana dannawa da yatsu kusa da bakin, ana kai shi dama da hagu don kada dutsen ya yi rami a tsakiya. Alamar an kai ita ce wani siririn ƙarfe da ke tasowa ta bayan bakin, wanda ido ba ya gani sosai amma babban yatsa yana jin kamunsa. Daga nan a koma kan faifan fata da ke ɗaya gefen injin, a shafa masa man gogewa, a cire siririn. A nan fatar ce take juyawa tana barin bakin. In aka juya akasin haka, kaifin zai yanke ta.

Gazawarsa

Jinkiri gare shi. Cizal da ya ci karo da ƙusa ya yi giɓi zai iya cinye wa mutum lokaci mai tsawo, shi ya sa wasu ke fara rage shi a garanda da hattara, su ƙarasa a mai ruwa. Yana da tsada kuma, ko da yake bai cika cin wuta ba, wajen wat 200 ne, ƙaramin janareto ma zai ɗauke shi.

A ƙasashen sanyi tsoronsu ruwa ya daskare cikin dutsen ya tsaga shi. A Sakkwato, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, matsalar ita ce ruwan kwamin ya ƙafe ana tsakar aiki, ko ƙurar hunturu ta mayar da shi taɓo. Ana zubar da ruwan bayan an tashi, a goge ƙarafan da ɗan mai saboda tsatsa, a rufe injin da buhu. Dutsen da ya kwana rabi a ruwa rabi a waje, gefe ɗaya yakan fi nauyi, ya riƙa cinyewa a karkace har sai an sake feƙe shi da wani ƙarfe mai bakin lu'ulu'u.