Makaho zai iya shiga shafin da ka gina? Tambayoyi da amsoshi daga Nima

Matasanmu da yawa a unguwannin Nima, Mamobi da Sabon Zango da ke Accra yanzu sana'arsu ke nan: gina shafin intanet ga mai shagon atamfa, makarantar Islamiyya ko kamfanin jigilar alhazai. Aikinsu yana ɗaukar ido, ban musa ba. Amma duk wanda na tambaya ko ya taɓa gwada shafinsa ido a rufe, sai ya yi shiru. Ga tambayoyin da suka fi yi mini in mun zauna.

Malam, yaya makaho zai karanta shafi alhali ba ya ganin fuskar waya?

Da kunne yake karantawa. Akwai manhaja mai karanto duk abin da ke kan allo da murya: TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone, a kwamfuta kuma NVDA wadda kyauta ce, ko JAWS ta kuɗi. Ita ce ɗan jagoransa. Sai dai wannan ɗan jagora abin da maginin shafi ya rubuta kawai yake faɗa. In ka sa hoto ba ka rubuta bayaninsa a gurbin da ake kira alt ba, sai ta ce "hoto" ta wuce, ko ta karanto sunan fayil mai lambobi barkatai. In maɓalli ba shi da suna, "maɓalli" kawai za ta ce. To ka duba: mace ta zaɓi atamfa turmi biyu, ga maɓallai uku a gabanta, ba ta san wanne ne na biya da MoMo (kuɗin waya) ba, wanne ne zai goge kayan da ta tara. Dole ta miƙa wayarta ga wani, har da lambar sirrinta wani lokaci. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a duk maganar.

Su nawa ne da har za mu wahalar da kanmu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan biliyan 1.3 ne ke da naƙasa mai tasiri, wato kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya. Ƙidayar Ghana ta 2021 ta sami kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa sama suna da wahala wajen gani, ji, tafiya, tuna abu da makamantansu, sama da mutum miliyan 2. Ka ƙara da Alhaji da idonsa ya yi rauni, da tsohuwar da hannunta ke rawa, da wanda ke duba waya cikin tsakar rana a kasuwar Makola.

Wane kuskure ne ya fi yawa a wajenmu?

Zuba sanarwa a cikin hoto. Mun saba da katin biki, na suna da na maulidi, sai muka kai wannan ɗabi'a har shafin makaranta: ranar komawa aji, kuɗin zango, lambar waya, duk an zana su a hoto guda mai ado. Ga mai karatu da kunne, shafin nan babu komai a cikinsa. Magani ba wuya: ka sa hoton in kana so, amma ka rubuta zancen da haruffa na gaske a ƙarƙashinsa. Haka nan ɓ, ɗ da ƙ suna nan a allon rubutu, babu dalilin mai da Hausa hoto. Ka kuma bayyana harshen shafin a cikin ginin, ha ga Hausa, en ga Turanci, don manhaja ta san abin da take karantawa.

Na biyu shi ne launi. Rubutu ruwan zinariya a kan fari yana burge mai shago, amma mai raunin gani ba ya tsintar komai. Kuma kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo: in fom ya yi ja don an yi kuskure, a rubuta kuskuren, "lambar waya ba ta cika ba", domin akwai waɗanda ba sa rarrabe ja da kore.

Akwai ƙa'idar da ake bi, ko kowa da ganin damarsa?

Akwai. Sunanta WCAG, ƙungiyar W3C mai tsara ma'aunan intanet ce ta fitar da ita a 1999, aka sabunta a 2008 da 2018, ta baya-bayan nan, 2.2, ta fito a Oktoban 2023. Matakai uku gare ta, A, AA da AAA, kuma AA aka fi nema. A nan ne aka ce bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 a kan 1, a iya ƙara girman rubutu ninki biyu ba tare da shafi ya wargaje ba, kada wani abu ya riƙa walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa saboda masu farfaɗiya, sannan duk abin da linzamin kwamfuta ke yi, a iya yin sa da madannai kaɗai.

Kurame fa? Ai suna gani.

Suna gani, amma shafin da ya cika da wa'azi ko talla ta murya ya rufe musu ƙofa. A sa rubutu a ƙasan bidiyo, a rubuta abin da ke cikin sauti. A kuma sauƙaƙa jimla, domin ga kurame da yawa yaren hannu na Ghana shi ne harshen farko, Turancin takarda na biyu.

Doka ta tilasta mana?

Dokar naƙasassu ta Ghana, mai lamba 715 ta shekarar 2006, ta fi magana a kan gine-gine, aiki, ilimi, lafiya da sufuri. Amma a 2012 Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, kuma sashe na 9 ya ambaci intanet da suna. Ni dai ina gaya wa yaranmu kada su jira kotu. Wanda ya gina masallaci ya san gyara matakala tun ana tushe ya fi fasa siminti daga baya sauƙi.

To yaya zan gane shafina ya yi?

Cire linzamin, ka bi shafin da madannin Tab tun daga sama har wajen biyan kuɗi. In ka ɓace, ko ka maƙale a wani akwati, ka ga aibi na farko. Sai ka kunna TalkBack, ka rufe ido, ka yi ƙoƙarin cike fom. Manhajojin gwajin shafi, Lighthouse da ke cikin Chrome da kuma WAVE, suna nuna hotunan da ba su da bayani da launin da ya yi rauni, amma ba za su gaya maka ko bayanin da ka rubuta yana da ma'ana ba. Wannan sai mutum. Ƙungiyar Makafi ta Ghana tana nan Accra, ga kuma ɗaliban da suka fito daga makarantar makafi ta Akropong, waɗanda waya ke hannunsu kullum. Ka nemi ɗaya ya zauna da shafinka na awa guda, ka yi shiru kana kallon inda yake tsayawa, kuma ka sa ladan aikinsa a cikin kuɗin da za ka yanka wa mai shago tun farko.