Raunanan Hujjoji Kan Cewa Littafi Mai Tsarki Hurarre Ne Daga Allah

Raunanan hujjoji a wannan fanni su ne dalilan da masu wa'azi da masu kare bangaskiyar Kirista suke yawan kawowa don nuna cewa Littafi Mai Tsarki hurarre ne daga Allah, amma in aka zauna aka duba su da kyau sai a ga abin da suke tabbatarwa bai kai abin da ake so su tabbatar ba. Raunin hujja fa ba shi ne ke nuna maganar da ake karewa ƙarya ce ba, shi ya sa malaman tauhidi na Kirista da kansu suna cikin masu gargaɗi a kansu.

Wadda aka fi ji ita ce ta 2 Timoti 3:16, wata wasiƙa a Sabon Alkawari, inda aka ce kowane Nassi hurarre ne na Allah. Ga wanda ya riga ya ba da gaskiya ayar tana da nauyi sosai, amma ga wanda bai yarda ba zagaye ne kawai, littafin gaskiya ne don ya ce shi gaskiya ne. Kuma lokacin da aka rubuta wasiƙar ba a ma tattara Sabon Alkawari ba, aya ta 15 tana maganar littattafan da Timoti ya sani tun yana yaro ne, wato na Yahudawa. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai kamar yadda suke yau, a wasiƙar Atanasiyus bishop ɗin Iskandariya ta shekarar 367 aka fara ganinsa.

Sai hujjar haɗin kai, wai littattafai 66 da mutum kusan 40 suka rubuta cikin shekara 1,500 amma saƙonsu ɗaya. To ai zaɓen littattafan aka yi, kuma dacewa da koyarwar Ikilisiya na cikin ma'aunin zaɓen, ka ga kenan wani ɓangare na haɗin kan daga zaɓen ya fito. Adadin ma ba ɗaya ba ne, 66 na Furotesta ne, Katolika 73 gare su, Cocin Orthodox na Habasha kuma 81.

Maganar yawan kwafe-kwafe ita ce ta fi ruɗa mutane don alƙaluman gaskiya ne, akwai rubuce-rubucen hannu na Sabon Alkawari da Helenanci sama da 5,000, babu wani littafin zamanin da ya kama ƙafarsa. Sai dai abin da wannan ke taimakawa shi ne gano me marubucin ya rubuta tun asali, ba ya faɗin daga ina maganar ta zo, kuma mafi yawansu daga ƙarni na 9 zuwa sama aka kwafe su. Su waɗannan kwafe-kwafen ne ma suka nuna cewa Markus 16:9-20 ba ya cikin Codex Sinaiticus da Codex Vaticanus, tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na 4. Haka abin yake da tonon kayan tarihi, dutsen da aka samu a Kaisariya a 1961 mai sunan Bilatus, gwamnan Roma da ya yanke wa Yesu hukunci, da na Tel Dan a arewacin Isra'ila na 1993 mai ambaton gidan Dawuda sun nuna labarin ya tsaya kan mutane da wurare na gaske, abu ne mai muhimmanci, amma littafin tarihi da ɗan adam ya rubuta shi ma yana iya faɗin sunan gwamna daidai.

A ɓangaren kimiyya ana kawo Ishaya 40:22 da Ayuba 26:7 a ce sun riga masana sanin siffar duniya da yadda take rataye ba bisa komai ba. Amma a surar nan ta Ayuba, aya ta 11 ta ambaci ginshiƙan sama, kuma ba adalci ba ne a ɗauki aya ɗaya a ce kimiyya ce ɗayar kuma a ce salon waƙa ne. Tun farkon ƙarni na 5 Agustin bishop ɗin Hippo ya ja kunnen Kiristoci kan yin maganar sama da ƙasa ba da sani ba suna jingina ta ga Nassi, don hakan kan sa masu ilimi su raina littafin.

Lissafin annabci ma haka. Peter Stoner, wani malamin lissafi ɗan Amurka, ya ce yiwuwar mutum ɗaya ya cika annabce-annabce 8 kan Almasihu bisa dace kawai ɗaya ce cikin 1 mai sifili 17, amma lambobin da aka ninka ƙiyasi ne da ya yi da ɗalibansa, kuma lissafin ya riga ya ɗauka cewa kowace aya annabci ce tun asali, alhali Hosiya 11:1 da Matiyu 2:15 ya jingina ga Yesu fitowar Isra'ila daga Masar take faɗi. Shi kuwa zancen ɓoyayyun saƙonni cikin haruffan Attaura da ya yi tashe a 1997, masanin lissafi Brendan McKay ya nuna ana samun irinsu a dogon littafin labari na Turanci in aka bi hanya ɗaya.

Manyan malaman Furotesta ba su ɗora tabbacinsu kan irin waɗannan ba. John Calvin ya koyar cewa shaidar Ruhu Mai Tsarki a zuciya ta fi duk wata hujja ta hankali, haka ma Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646 ta jero kyawun koyarwar Nassi da jituwar sassansa, sannan ta ce cikakken tabbaci daga aikin Ruhu yake zuwa.