Ma'anar na'urar ajiya mai cirewa da yadda ake iyakance mata izini

Duk wanda ya yi aiki a ofishin da ke hidimar alhazai a Makka ko Jidda, ko ɗalibin da ya taɓa kai bincikensa shagon buga takardu a Madina, ya saba da filash da katin memori. Su ne masana kwamfuta ke kira na'urorin ajiya masu cirewa, wato duk wani ma'ajin bayanai da ake jonawa da kwamfuta a zuba masa abu ko a kwasa daga cikinsa, sannan a zare shi a tafi da shi ba tare da an kwance kwamfutar ba. Wannan ita ce ma'anar a wurin mutum. Ita kuwa kwamfuta tana da nata ma'aunin dabam, kuma saɓanin da ke tsakanin ma'aunan nan biyu ne ke sa mai ofis ya ɗauka ya toshe ƙofa alhali tana nan a buɗe.

Asalin rabe-raben ya samo tushe ne tun zamanin faifan fulofi da faifan CD, lokacin da injin karantawa ke zaune daram a jikin kwamfuta, faifan ne kawai ke shiga yana fita. Don haka abin da kwamfuta ke son sani shi ne ko abin da ke cikin injin yana iya canzawa. Har yau, idan aka soka na'ura a ramin USB, tsarin kwamfutar yakan aika mata wata tambaya da aka gada daga SCSI, tsohuwar ƙa'idar sadarwa tsakanin kwamfuta da faifai, ita kuma ta amsa da sunan kamfanin da ya ƙera ta, da samfurinta, da wata alama guda ɗaya wadda ko dai 1 ce ko 0. Idan ta ce 1, an ɗauke ta mai cirewa; idan ta ce 0, an ɗauke ta kafaffiya. Lamarin tamkar mai gadi ne da ke tambayar baƙo ko shi ɗan gida ne, kuma duk amsar da baƙon ya bayar ita zai rubuta a littafinsa.

Daga nan rikicin ke tasowa. Yawancin filash suna amsa 1, amma babban faifan ajiya na waje, wanda zai iya ɗauke bayanan ofis gaba ɗaya ya shige jaka, yawanci 0 yake amsawa, shi ya sa Windows ke nuna shi a jerin faifan cikin gida. A Linux ma haka abin yake, domin kowane faifai yana da ɗan fayil a ƙarƙashin /sys/block da ke ɗauke da wannan lamba, kuma mai dubawa zai tarar da 0 a gaban faifan da ya soka da hannunsa minti ɗaya da ya wuce. An ma taɓa ƙera filash na musamman da ke cewa su kafaffu ne da gangan, domin a ɗora Windows To Go, wato Windows da ake tayarwa daga filash, a kansu bayan fitowar Windows 8 a 2012. Akwai kuma akasin haka, inda faifan da ke ɗaure da kusoshi a cikin kwamfuta zai bayyana a jerin abubuwan da za a iya zarewa, saboda an kunna wa mahaɗarsa ta SATA damar cirewa ana cikin aiki. Wayar hannu kuwa ba ta shiga lissafin faifai kwata-kwata, domin wayoyin Android na yanzu suna musayar fayil ne ta ƙa'idar MTP, kuma Windows na ajiye su a wani aji na dabam tare da kyamarori.

A ganina, wanda aka ɗora wa kula da kwamfutocin ofis bai kamata ya bar wa na'ura ta yanke wa kanta hukunci ba. Tambayar da za ta yi masa jagora ita ce: shin wannan abu zai iya fita daga ofis a aljihun wani? Idan amsar i ce, to mai cirewa ne, ko mene ne ya faɗa wa kwamfuta. Hanyar da ta fi aminci ita ce duba ta inda na'urar ta shigo, ko USB ne, ko Thunderbolt, ko ramin katin memori, a haɗa da lambobin shaidar da ke jikinta: ta kamfani, ta samfuri, da lambarta ta kanta.

Dalilin wannan taka-tsantsan fuska biyu ne, akwai abin da ke fita da abin da ke shigowa. A ofishin wakilin Umara, kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da hotunan fasfo na ɗaruruwan maniyyata daga Kano, Sakkwato ko Maraɗi, da kwafin igamar ma'aikata, da lambobin waya. Waɗannan amana ce ta bayin Allah da suka miƙa takardunsu ba tare da sun san inda za su kwana ba, kuma yanzu doka ma ta shigo ciki, tun da dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023. Hukumar tsaron intanet ta ƙasar, wadda aka kafa a 2017, ta sanya taƙaita amfani da ma'ajin waje cikin muhimman ƙa'idojin da ta fitar a 2018 ga hukumomin gwamnati da manyan cibiyoyi. Ta fuskar shigowa kuwa, a 2008 wata cutar kwamfuta ta shiga na'urorin sojan Amurka ta hanyar filash har aka haramta amfani da shi na wani lokaci, kuma cutar Stuxnet da aka gano a 2010 ta bi wannan hanya ta isa cibiyar nukiliya ta Natanz a Iran. Mu abin da muka fi gani shi ne ƙaramarta: ɗalibi ya dawo daga shagon buga takardu ya tarar duk jakunkunan fayil ɗinsa sun ɓuya, an maye gurbinsu da wasu gumaka masu ɗan kibiya a gefe, da ya latsa ɗaya sai cutar ta tsallaka zuwa tasa kwamfutar.

Izinin da ake bai wa irin wannan na'ura iri uku ne: karantawa, rubutawa, da tayar da manhaja daga cikinta. Tun daga Windows Vista aka samar da wurin tsara biyun farko, aka ƙara na ukun a Windows 7, a cikin dokokin rukuni, waɗanda ake buɗewa da umarnin gpedit.msc a nau'in Pro ko Enterprise, domin nau'in Home ba ya zuwa da shi. A can za a ga an ware faifai masu cirewa, da CD da DVD, da ajin wayoyi da kyamarori, kuma ana iya ɗora dokar karantawa da ta rubutawa a kan kwamfuta gaba ɗaya ko a kan ma'aikaci guda. Kwamfutar da ke karɓar jama'a, alal misali, tana bukatar karanta hoton da alhaji ya kawo a memori, amma ba ta da dalilin rubuta komai a kansa, balle ta tayar da manhaja daga ciki. Ta akanta kuwa ana iya hana ta duka ukun. Hana tayar da manhaja shi ne mafi arha cikinsu, domin da wuya ya tsayar da aikin kowa, ga shi yana rage barazanar cuta sosai, kodayake bai isa ya maye gurbin manhajar riga-kafi ba.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Yawancin filash da memori suna zuwa ne da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su san mai fayil ba, ba su kuma riƙe izini. Fayil ɗin da aka killace a kwamfutar ofis ta yadda mudir kaɗai ke iya buɗewa, da zarar an kwafe shi zuwa filash ya zama na duk wanda ya tsinta. Maganin wannan shi ne kulle filash ɗin kansa da kalmar sirri, aikin da BitLocker To Go ke yi tun fitowar Windows 7 a 2009, har ma akwai dokar da ke hana rubutu a kan duk filash ɗin da ba a kulle shi haka ba. A Linux, wasu manhajoji biyu, udisks da polkit, su ne ke raba gardama kan wanda zai iya buɗe faifai: mai zaune a gaban kwamfuta yakan buɗe filash kai tsaye, amma faifan da aka ɗauka na tsarin ne sai da kalmar sirrin mai kula.

Wasu masu ofis, idan suka ji duk wannan, sai su toshe komai baki ɗaya. Ban ga hikimar hakan a ƙaramin ofis ba, domin aiki ba ya jira, kuma ma'aikacin da aka hana filash zai ɗauki hoton fasfo da wayarsa ya tura ta WhatsApp, inda babu mai iya bin sawunsa. Gara a sayi filash biyu ko uku na ofis, a kulle su, a rubuta lambobinsu a jerin waɗanda aka amince da su, a hana sauran rubutu. Jerin ma yana da iyakarsa, tun da a 2014 masu bincike biyu daga Jamus, Karsten Nohl da Jakob Lell, sun nuna cewa ana iya sauya manhajar cikin filash ya gabatar da kansa a matsayin allon rubutu na kwamfuta, wato kibod, ya riƙa buga umarni da kansa, abin da dokar faifai ba za ta kama ba.

Bayan an gama tsara dokokin, wajibi ne a gwada su da abubuwa na zahiri: filash, babban faifan waje, katin memori, da waya a kan kebul, kowanne a gwada karantawa da rubutawa daga asusun ma'aikaci na gama-gari, ba na mai kula ba. Lokacin da ya fi dacewa da wannan gwaji shi ne kafin Ramadan da kafin watan Zulƙida, gabanin a ɗauki ma'aikatan wucin gadi a ba su kujera a gaban kwamfutocin.