Guguwar Teku da Ambaliyar Kogin Haɗeja: A Sake Gini a Inda Ruwa Ya Ci?

Ran nan bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar masallacinmu, wani ɗalibi ya miƙa wa kawuna waya ya ga yadda guguwa ta yaye rufin gidaje a Amurka, ruwa ya shanye motoci. Kawu ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Shi ma ɗaki biyu ya rasa a ambaliyar 2022, kuma a kan kufan nan ya sake ɗora tubali. Tambayoyin da suka biyo baya, nasa da na sauran 'yan majalisa, su na tattara a nan.

Wace irin guguwa ce wannan? Irin tamu ce ta bazara?

A'a. Tamu takan tashi da rana tsaka, ta kwashi yayi da leda, ta mutu nan da nan. Waccan a kan teku take samuwa, kuma sai ruwan saman tekun ya ɗumama zuwa wajen digiri 27. Tururi ya tashi, hadari ya haɗu ya shiga juyawa kamar dutsen niƙa, faɗinsa ya kai ɗaruruwan kilomita. Idan gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa ɗaya, a tekun Atlantika ana ce mata harikan, a tekun Indiya saiklon, wajen Japan kuma taifun.

Abin da ya fi ba Kawu mamaki shi ne da yawa daga cikin manyansu daga yankinmu suke farawa. Hadarin da ke taso mana daga gabas a watan Agusta, ya zuba mana ruwa ya wuce yamma, wani yakan ratsa Nijar da Mali, ya faɗa teku ta gaɓar Senegal. In ya dace da ruwa mai ɗumi a can, sai ya ƙasaita ya nufi Amurka. Shi ya sa lokacinsu, daga Yuni zuwa Nuwamba, ya haɗu da daminarmu. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Ashe hadarinmu ma yana zuwa ci-rani."

Za ta iya isowa Jigawa?

Ba za ta iso ba. Ruwan teku ne abincinta, da ta hau tudu sai ta fara mutuwa. Amma ba iska ce ta fi kashe mutane a irin wannan masifa ba, ruwa ne. A watan Agustan 2005, guguwar Katrina ta sa jingar da ke kare birnin New Orleans ta ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, fiye da mutum dubu suka rasu. Duk wanda ya taɓa kwana a kan jinga a Auyo ko Haɗeja, fitila a goshi, yana danna buhun yashi da ƙafa, ya san irin wannan fargabar.

Da gaske sauyin yanayi ne ke ƙara musu ƙarfi?

Masana ba su ce yawan guguwar ya ƙaru ba. Abin da suka tabbatar shi ne, duk sanda iska ta ƙara zafi da digiri ɗaya, takan ɗauki ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin 100, kuma abin da ta ɗauka sai ta sauke. Duniya ta riga ta ƙara zafi da fiye da digiri ɗaya, teku kuma ya tashi da kimanin santimita 20 daga 1900. A 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwa sama da milimita 1,500 a wani yanki na Texas cikin 'yan kwanaki, kusan ruwan damina biyu ke nan na Kano.

Mu ma hakan muke gani. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya dawo, amma ya dawo da wani hali: a yi kwana goma ba ɗigo, sannan a sauke na wata guda a dare ɗaya. Sai dai kada mu ɗora wa sama laifin komai. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin kogi, yashi ya cike shi. Idan madatsun Tiga da Challawa suka cika, dole ruwa ya gangaro mana. Kuma a shekarun fari mutane da yawa sun yi gini a kwari, wasu ma kududdufi suka cike suka ɗora ɗaki a kai.

Su Amurkawa da suke da kuɗi, me ya sa suke komawa bakin tekun?

Don abin da ya sa Kawu ya koma kufansa: abincinsu a nan yake, kaburburan iyayensu a nan suke. Tun 1968 gwamnatin Amurka take da inshorar ambaliya, akwai gidajen da aka biya aka gyara sau da yawa a wuri ɗaya. Wani lokaci kuma gwamnati takan sayi gidan ta rushe, ta hana kowa sake gini a wurin. A 2016 an ware dala miliyan 48 don a tashi mutanen wani tsibiri a Louisiana da teku ya cinye kusan duk ƙasarsa. Duk da kuɗin, wasu suka ce ba inda za su.

Ni ban ga laifinsu ba. Da aka yi wa Kawu zancen tashi, cewa ya yi, "In tashi in je ina? Tudu yana yin shinkafa?" Fadamar da ke rusa ɗaki a Satumba ita ce ke ba da alkama da tumatir da rani, ga kifi.

To, a sake gini ko a tashi?

A ganina a raba gona da makwanci. Gona ta zauna a fadama, iyali su kwana a tudu, ko da tafiyar rabin awa ce a tsakani. Shinkafar da ruwa ya ci ana sake shukawa baɗi.

Bangladesh ta nuna cewa ba sai mai arziki ba. A 1970 guguwa ta kashe mata aƙalla mutum 300,000, a 1991 kusan 138,000. Sai suka gina mafaka masu tsawo a kan ginshiƙai, da yawansu makarantu ne a sauran ranaku, suka horar da 'yan sa-kai masu zagaya ƙauyuka da lasifika. Yanzu guguwa takan zo da ƙarfinta, amma asarar rayuka ta ragu nesa ba kusa ba.

Wanda kuwa ba shi da wani fili sai kufansa, to kada ya maimaita ginin jiya. Je ka bangon masallaci ko na makaranta, har yanzu za ka ga zanen da ruwan 2022 ya bari, wani layi ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan layin shi ne ma'auni, daɓen ɗaki ya wuce shi. Ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa. Na tsaya na ga namu: ruwa bai kai gwiwa ba, amma da ya kwana biyu a gindin bango sai tubalin ƙasa ya zama kamar kunu, na sama ya rasa mazauni, azara ta fara ƙara. Allah ya taimake mu da rana ne. Da yawa daga waɗanda ake rasawa a ƙauyukanmu ba nutsewa suke yi ba, bango ne ke rufta musu suna barci.

Don haka harsashi da layukan farko su zama dutse ko bulo da siminti, sannan a ci gaba da tubali. Kwano ya zarce bango sosai, a ɗaure katakonsa da rodi ko waya a jikin gini, kada a dogara da duwatsun da ake jerawa a kai. Indararo ya zubar nesa da gindin bango. Rumbu ma a ɗaga shi. Mutanen jihar Florida ta Amurka sai da guguwar Andrew ta 1992 ta kwashe musu dubban rufi kafin suka tsaurara dokar gini.

Wanda ba shi da kuɗin bulo fa?

Ya fara da ɗaki ɗaya, wanda mata da yara za su shiga in hadari ya haɗu da dare. Cikon ƙasa kuwa aikin gayya ne, amalanke da shebur muna da su. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya shi ne filin tudu. Nan ne dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma za su shigo, a yanka fili da takarda, a haƙa rijiya, don ba wanda zai zauna inda ba ruwan sha. Masu kawo tallafi mun gode da shinkafa da tabarma, amma da za a tambaye mu, siminti da fili za mu roƙa.

Ta yaya za mu san ruwa na tafe?

Kowace shekara kafin damina hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen ruwan sama, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma ta lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, ana kuma faɗa a rediyo. Ruwan da ya wuce Wudil da Ringim yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso mana, kiran waya ɗaya ya isa a kwashe hatsi da awaki. Kawu ya karɓi lambar wani abokinsa masunci a Ringim. Ya kuma ce in an sayar da alkamar bana, buhu shida na siminti zai fara saya, ɗakin yara za a ɗaga tukuna.