Giethoorn: Jama'a, Samu da Kasuwar Gidaje

Giethoorn ƙauye ne a lardin Overijssel na ƙasar Holan, a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Steenwijkerland, kimanin kilomita 5 daga garin Steenwijk. Mazaunansa kusan 2,800 ne, amma baƙin da ke zuwa kallonsa a shekara sukan kai wajen miliyan ɗaya. Wannan tazara tsakanin masu gari da baƙi ita ke juya sana'ar mutanen ƙauyen, da abin da ke shiga aljihunsu, da kuɗin da gida ke yi a kasuwa.

Asali da fasalin ƙauyen

Ƙasar yankin fadama ce ta ruɓaɓɓun ciyayi da suka daɗe jibge cikin ruwa. Tun daga ƙarni na 13 mutane suke yanka wannan ƙasa, su shanya ta, su sayar a matsayin makamashi. Ramukan da suka bari ruwa ya cike su, suka zama tafkuna irin su Bovenwijde, hanyoyin ruwan da aka tona don jigilar kaya kuma suka zama titunan gari. Ana cewa sunan ƙauyen ya samo asali ne daga ƙahonnin awaki da mazaunan farko suka tarar a ƙasa, na dabbobin da ambaliyar 1170 ta hallaka.

A tsohon ɓangaren ƙauyen mota ba ta shiga. Gidaje da dama kan ƴan tsibirai suke, gadojin katako sama da 170 ke haɗa su da siririyar hanyar ƙafa da keke. Ƙauyen a miƙe yake daga arewa zuwa kudu, unguwanninsa uku: Noordeinde, Middenbuurt da Zuideinde, sai ƙananan ƙauyuka a gefe kamar Dwarsgracht da Jonen. Giethoorn ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta har 1973, lokacin da aka haɗe ta cikin ƙaramar hukumar Brederwiede, sannan a 2001 aka sake haɗewa da Steenwijk, wadda daga baya ta zama Steenwijkerland.

Jama'a da yadda ake ƙirga su

Holan ba ta sake ƙidayar gida-gida ba tun 1971. Kowa yana da rajista a ƙaramar hukumar da yake zaune, kuma daga wannan rajista ce hukumar ƙididdiga ta ƙasa, CBS, ke fitar da alƙaluman kowace unguwa duk shekara: maza da mata, shekaru, yawan iyalai, irin gidaje da kuɗin shiga. A ƙananan unguwanni akan daidaita alƙaluman zuwa biyar-biyar, wasu ma a ɓoye su ɗungurungum, don kada a gane wane ne wane. A wuri mai gidaje hamsin, matsakaicin samu kusan asirin maƙwabci ne.

Abin da rajistar ba ta ɗauka shi ne wanda yake da gida a ƙauyen amma rajistarsa tana wani gari. Gidajen hutu da ɗakunan kwanan baƙi suna da yawa a nan, don haka yawan mutanen da ke kwana a Giethoorn a watan Yuli ya yi nesa da abin da ke rubuce.

Kamar yawancin ƙauyukan arewa maso gabashin ƙasar, jama'ar Giethoorn suna manyanta. A ƙasa baki ɗaya, wadda ta haura mutum miliyan 18 a 2024, kusan ɗaya cikin biyar ya kai shekara 65, a karkara kuwa rabon ya fi haka. Yara kan yi firamare a ƙauye, sakandare a Steenwijk ko Meppel, masu neman karatun gaba su nufi Zwolle ko Groningen. Ba duka ke dawowa ba.

Sana'a da samu

Da can abincin mutane yana cikin yankan ƙasar makamashi, kiwon shanu, kamun kifi, da yankan ciyawar ruwa ta rufin ɗaki. Har shanu a jirgin ruwa ake kai su kiwo. Fim ɗin Fanfare na Bert Haanstra, wanda aka ɗauka a ƙauyen a 1958, shi ya fara jawo hankalin ƴan ƙasa. Daga baya baƙin waje suka biyo, musamman daga Sin.

Yanzu kuɗin gari yana cikin hayar jiragen ruwa masu batir, gidajen abinci, masaukai da shagunan tsaraba. Kasuwa ce ta lokaci: takan ci daga Afrilu zuwa Oktoba, ta yi sanyi da hunturu. A 2020, da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, baƙin waje suka ɗauke ƙafa, aka ga yadda ƙauyen ya dogara da su. Sauran mazauna sukan fita aiki garuruwan kusa, tsofaffi kuma suna karɓar fanshon gwamnati na AOW, wanda tun 2024 ake fara biya a shekara 67.

Matsakaicin samu a irin wannan wuri yana iya ruɗar mai karatu. Tsohuwar da ke zaune a gidan gado da ɗan fansho, da mai jirage talatin na haya, duk a layi ɗaya ake lissafa su. Tsohuwar a takarda mai dukiya ce, domin gidanta yana da tsada, amma kuɗin hannunta kaɗan ne.

Gidaje

Gidan da aka san Giethoorn da shi tsohon gidan manomi ne mai rufin ciyawa, wanda bayansa ya ɗaga sama da gaba don ya ɗauki harawa. Mutanen wurin suna ce masa rufin raƙumi saboda tozon. Tsohon ɓangaren yana ƙarƙashin kariyar hukuma, wasu gidajen ma kayan tarihi ne na ƙasa, ba a sauya musu fasali sai da izini. Fili na sabon gini ya yi ƙaranci, ga gandun Weerribben-Wieden da ake karewa ya kewaye yankin. Gidan da ake da shi shi ake juyawa, kuma galibi masu shi ne a ciki, ba ƴan haya ba.

Riƙe irin wannan gida ba wasa ba ne. Rufin ciyawa yakan nemi sauyi bayan shekaru kamar talatin, inshorar gobararsa ta fi ta rufin tayil tsada, bakin ruwa yana son katangar katako da ake gyarawa, ƙasar kuma tana nutsewa a hankali. Wanda gidansa ke kan tsibiri, bulo da yashi ma ta ruwa za su iso masa. Duk da haka masu kuɗi daga birane suna saye, abin da ya sa ɗan ƙauyen da ke son kafa iyali yakan koma sababbin layuka da ke bakin titi, ko ya tafi Steenwijk.

Ƙaramar hukuma ce ke ƙiyasta darajar kowane gida duk shekara a ƙarƙashin dokar ƙiyasin darajar gidaje da ake kira WOZ, kuma a kan wannan ƙiyasi ake yanka harajin gida. Da yake ana duba farashin ranar 1 ga Janairun shekarar da ta gabata ne, kullum ƙiyasin yana bayan kasuwa. A ƙasa baki ɗaya matsakaicin kuɗin gida ya haura Yuro 400,000 tun 2022. Banki na iya ba da bashin da ya kai cikakkiyar darajar gidan, gwargwadon albashin mai saye. Wanda ya sayi gida don ya zauna a ciki yana biyan harajin sauyin mallaka kashi 2 cikin 100, matashin da bai kai 35 ba akan yafe masa sau ɗaya idan gidan bai wuce wani farashi ba. Mai sayen gidan hutu ko na haya kuwa, daga 2023 zuwa 2025, kashi 10.4 ya riƙa biya.